Wasiƙar da Ba Ta da Adireshi

Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a ƙaramin garinsu, bisa wani baƙin keke mai ƙararrawar da ta dishe, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa neman gida da lamba ba. Ba don babu lambobin ba. An taɓa zagayawa da fenti an rubuta su a jikin bangwaye, ruwan sama ya wanke rabi, yara suka kankare sauran. Shi da mutane yake gane wuri: gidan da ke bayan mai faci, ƙofa ta biyu daga bencin mai aski, lungun da tsohuwar nan mai gishiri ke zama. A garinsu mutum yakan daɗe a wuri guda har ya zama alama, in ya mutu ɗansa ya gaji inuwar. Ko da wasiƙa ta zo da rabin suna, sai ya juya ta, ya dubi rubutun, ya ce, "Na san mai ita." Har ya ajiye aiki ba a taɓa mayar da wasiƙa daga hannunsa ba, kuma har gobe Baba Gidan Waya ake ce masa.

Matarsa kaɗai ke kiransa Mai Keke, sunan da ta laƙaba masa tun yana zuwa zance. Lokacin da yake aiki, kullum ƙarfe ɗaya na rana takan ɗauko kwanon abincinsa a ƙulle cikin ƙyalle, ta tsaya kusa da jan akwatin da ke ƙofar gidan waya, har ta jiyo ƙararrawarsa daga kwana. Shi kuma yakan ce mata Tsohuwa, tun gashinta na baƙi, ita kuma ta ce, "Tsohuwa tana gidanku."

Shekara uku ke nan da mantuwa ta shigo mata, a hankali, kamar ruwan da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa. Da farko gishiri ne take zubawa sau biyu. Sai sunayen jikoki suka fara kuɓuce mata. Wani lokaci ta dube shi da safe ta ɗan jima kafin fuskarta ta buɗe. Amma akwai abu ɗaya da ya ƙi fita: alkawarin da ya yi mata tun suna ango da amarya, cewa zai kai ta babban birni ta ga doguwar gadar nan da ke jikin wani katin gaisuwa da ba a zo an karɓa ba. Katin yana maƙale a jikin madubinta har ya koɗe. Kusan kullum sai ta nuna shi ta ce, "Mai Keke, yaushe?"

Da ya yanke shawarar kai ta, babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya a wani gari daban, ba ta so tafiyar ba ko kaɗan.

"Baba, birni ba garinmu ba ne. Minti ɗaya ya isa ta ɓace."

"Ni za ki koya wa riƙon amana? Kin san wasiƙa nawa ta bi ta hannun nan?"

"Wasiƙa ba ta da ƙafa, Baba."

Da ta ga ba zai saurara ba, sai ta kawo wani ɗan kati da aka lulluɓe da roba, da igiya a jikinsa. An rubuta sunan Inna, da ciwonta, da lambobin waya biyu. Da hannunta ta rataya wa uwar a wuya. Sannan ta ja uban gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Kada a cire shi. Kuma ka ji ni da kyau, in wani abu ya faru, ko da ƙanƙani ne, zan zo in ɗauki Inna ta koma wurina. Ba zan sake neman shawararka ba."

Shekara arba'in da bakwai ba su taɓa raba rufin kwana ba.

Da sassafe suka shiga mota. Ba a yi nisa ba Tsohuwa ta lura da katin. Ta ja shi, ta juya shi, idanunta suka ciko.

"Ni kaya ce da za a liƙa mini takarda? Wa ya sayar da ni?"

"Ba wanda ya sayar da ke. Wa zai iya sayenki ma, da wannan faɗan?"

Ba ta yi dariya ba. Ta fara kuka, irin na shiru, wanda ya fi ƙona masa rai. Mutanen cikin motar suna waiwaye. Sai ya sa hannu ya zare igiyar ta kanta, ya naɗe, ya tura cikin aljihun rigarsa.

"Shi ke nan. Ni da ban taɓa ɓatar da ambulan ba, zan ɓatar da ke?"

Ƙananan garuruwa suka riƙa zuwa suna wucewa ta taga, shi kuwa yana karanta su kamar bayan ambulan. Wani gari gaba ɗayansa warin albasa yake, buhuna a jere bakin titi, masu su na barci a kai. Wani kuma teloli ne suka cika shi, kekunan ɗinki bakwai a rumfa ɗaya, duk ƙafafu na rawa tare. A gari na uku suka tsaya shan mai. Kare ɗaya na kwance a tsakiyar hanya, motoci na kauce masa kamar shi ya gina ta. Can gefe ya hango ginin gidan waya, ya gane shi tun daga fasalin tagoginsa, amma an cika shi da buhunan siminti, jan akwatin ya karkace, tsuntsu ya yi sheƙa a bakinsa. Ya kau da kai. Tsohuwa kuwa hannu take ɗaga wa kowa, mai shago da mai tura kura, wasu har suna ɗago mata.

"Duk sun san mu," in ji ta.

"Sun san ki dai."

Wajen hantsi birnin ya haɗiye su. Suka sauka a tasha. Hayaniyar ba ta da gaba ba ta da baya. Mutane na tafiya da sauri, kowa idonsa a wani wuri da ba nan ba, ba wanda ya amsa gaisuwarsa har ƙarshe. Ya riƙe wuyan hannunta, ya ji jijiyarta na bugawa a yatsunsa.

Gadar suka fara zuwa. Ta fi ta cikin katin gaisuwar tsawo, ta fi ta tsufa, kuma tana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafa duk lokacin da babbar mota ta wuce. Ruwan da ke ƙasa mai faɗi ne, launin shayi da madara, yana tafiya ba ƙara. Tsohuwa ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, iska na kaɗa shuɗin mayafinta, tana kallon ruwan. Sannan ta juyo, fuskarta tas kamar ta shekarun baya.

"Ka cika alkawari, Mai Keke. Da latti, amma ka cika."

Daɗin maganar nan ya sa ya saki jiki, kuma daga baya ya sha tunawa cewa a nan kuskurensa ya samo tushe.

Suka shiga wani dogon bene, aka sa su a ɗan ɗakin ƙarfe mai hawa da mutane sama. Ta ƙanƙame shi tana dariya. Daga can ƙoli motoci suka koma kamar tururuwa, tituna kamar zaren da aka watsar. Shi kam bai ji daɗin kallon ba. Ya ga rufin gidaje har inda ido ya ƙare, ya tambayi kansa yadda mai raba wasiƙun garin nan ke yi. Suka leƙa gidan adana kayan tarihi, inda ta tsaya gaban wata tsohuwar tukunya a cikin gilashi ta ce irin ta kakarta ce, kuma tasu ta fi kyau.

Rana ta take lokacin da suka iso wani babban dandali mai kusurwa huɗu. A tsakiyarsa ruwa ne ke tsalle sama yana faɗowa, kewaye da shi korayen bencina, masu talla sun cika ko'ina. Ƙafafunta sun gaji, lokacin maganinta ya yi, gorar ruwansu kuma ta ƙare. Kantin da ya hango yana ƙetaren titi, titin kuwa ba na tsohuwa ba ne.

Sai ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa. Ya zaunar da ita a benci, ya duba ya nemi alama. Dab da bencin akwai mai sayar da tabarau, mutum mai furfura a gemu, da allonsa a ƙarƙashin wata babbar lema rawaya. Lemar ana ganinta daga ko'ina.

"Ɗan'uwa, ga iyalina nan. Ka sa mini ido, yanzu zan dawo."

"Ba komai, Baba. Je ka abinka."

A garinsu, wannan maganar ta fi kwaɗo a ƙofa. Ya ɗora mata ledar burodinsu a cinya, ya ce kada ta motsa, ya tsallaka.

Kantin akwai layi. Yana tsaye mutum na huɗu sai ya ji usur a waje, da ihu, da gudu. Ya tambayi wadda ke gabansa ko lafiya. Ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce ma'aikatan hukumar birni ne ke korar masu talla, kullum haka ake. Bai ɗauki abin da zafi ba. Ya karɓi ruwansa ya fito.

Ya tsaya a bakin titi yana neman lema rawaya.

Babu ita. Babu allo, babu tire, babu kura, babu ko mutum ɗaya mai sayar da wani abu. Dandalin ya zama fili, an share shi kamar faranti. Bencina ne kawai, kore bayan kore, duk iri ɗaya, ruwan tsakiya na ci gaba da tsalle kamar ba abin da ya faru. Gine-ginen kusurwa huɗun ma kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya tsallaka bai duba mota ba, wani direba ya danna masa oda yana zagi. Ya nufi bencin da yake zaton shi ne. Wasu 'yan mata biyu ne a kai suna kallon waya. Na gaba, wani mutum na barci da jarida a fuska. Na gaba, babu kowa.

Ya zagaya dandalin sau ɗaya yana tafiya. Na biyu yana sassarfa. Na uku yana gudu, irin gudun tsoho, gwiwoyi na ƙara, gorar ruwa na dukan cinyarsa.

"Tsohuwa! Tsohuwa!"

Mata tsofaffi uku suka waiwayo, ba ita a ciki. Ya kira ainihin sunanta, wanda ya yi shekaru bai furta a gaban mutane ba. Ƙarar ruwan ta cinye shi.

Ya tari wani ɗan sanda a bakin kwana. Ɗan sandan ya saurare shi da haƙuri.

"Akwai hotonta?"

"Babu."

"Waya fa? Ko wata takarda a jikinta mai suna?"

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Ya taɓa robar katin, ta yi ɗumi da zafin jikinsa. Ɗan sandan ya ce ya je ofishinsu ya rubuta bayani, za a sanar. Shuɗin mayafi, in ji shi, ai rabin matan garin nan shi suke yafawa.

A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara. Sunan 'yarsa ne a kai. Ya tsaya yana kallo har ta katse. Ta sake yi. Ya mayar da ita aljihu tana kuka kusa da katin.

Can nesa jiniyar motar asibiti ta tashi, ta matso, ta wuce, ya ji kamar ta bi ta cikin haƙarƙarinsa. Sai gadar ta faɗo masa a rai: ƙarfen gefenta da bai wuce ƙugu ba, da ruwan nan mai tafiya ba ƙara. Ta so gadar. In ta tuna ta fa? Ya yi taku goma wajen da yake zaton gadar take, ya ga bai ma san wajen ba. Ya zube a kan wani benci, bakinsa ya bushe ƙamas, ga ruwa a hannunsa bai iya buɗewa ba. Ya ga ɗakinsu da madubi da katin da ya koɗe. Ya ga filo ɗaya. Ya ga kansa yana tsaye gaban 'yarsa, hannu biyu ba komai.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba. Abin da ya tashe shi wata tsohuwar ɗabi'a ce, wadda hannu ya riga kai sani. Duk ranar da wasiƙa ta gagare shi, ba ya tambayar masu wucewa. Mai wucewa bai ga komai ba. Yakan nemi wanda aikinsa ya ɗaure shi a wuri guda.

Ya ɗaga ido ya bi gine-ginen da kallo, har ya samu: mai gadin wani banki, dattijo, zaune a kan kujerar roba da ta ɗauki siffar jikinsa. Ya je ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, duk da zuciyarsa na neman fita. Bai tambaye shi tsohuwa mai shuɗin mayafi ba.

"Yallaɓai, in an kori masu tallan nan, ina suke ɓuya?"

Mai gadin ya dube shi sama da ƙasa, ya tabbata ba ma'aikaci ba ne, ya nuna da leɓe. "Lungun bayan gidan hoton can. Sai motar hukumar ta tafi su fito."

Lungun matsattse ne, yana warin kwata. Suna nan a tsugune, sun fi mutum ashirin, kowa rungume da kayansa. A can ƙurya ya ga lema rawaya a naɗe, an jingine ta da bango. Mai tabarau na ganinsa ya dafe kai.

"Baba! Wallahi ka yafe mini. Suka zo kamar daga sama, in sun kama allon nan na kaɗe."

"Ina take?"

"Ban sani ba, Baba. Amma kafin usur ɗin ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce ɗaya saura kwata. Sai ta miƙe tana cewa, 'Kai, ya kusa dawowa, zan bar bawan Allah da yunwa.' Ta ɗauki ledarta. Ta ce ta ina ne gidan waya. Ina cikin ce mata ta jira ka, sai ga su. Na dai nuna mata da hannu ina gudu."

Baba Gidan Waya ya dafa bango.

"Ta ina ka nuna?"

Titi uku ne tsakani. Na ƙarshensu mai hannu shida ne, motoci na zuba kamar ruwan kwari, ba sa tsayawa sai fitila ta tilasta su. Yana tsaye yana jiran fitilar, idonsa na bin kwalta, yana neman abin da yake roƙon Allah kada ya gani: takalmi ɗaya, ko leda, ko taron mutane sun yi zobe. Babu. Ya ƙetare da addu'a a baki.

Ginin babba ne, mai ginshiƙai, tattabaru sun ɓata masa goshi. A gefen matakalarsa akwai jan akwati, ya ninka na garinsu girma. Kusa da shi, a cikin rana tsaka, wata 'yar ƙaramar tsohuwa na tsaye, ta rungume ledar burodi da hannu biyu, tana leƙen kwana.

Ya nufe ta. Kafin ya kira ta, ta hango shi. Ta ɓata fuska.

"Mai Keke, yau ina ka tsaya? Tun ɗazu nake nan, ƙafafuna har sun yi tsami. Ina keken?"

"Ya yi faci," in ji shi. Ya kama hannunta, nasa na rawa har ta lura.

"Yunwa ce. Na faɗa maka ka riƙa karyawa. Zauna ka ci."

Suka zauna a matakala. Ya ba ta maganinta, ta sha. Ta gutsura masa burodi, ya tauna bai ji ɗanɗanonsa ba. Yadda ta ƙetare titin nan bai taɓa sani ba, ita ma ba ta sani ba. Da ya tambaye ta sai ta ce, "Wane titi?"

Ya zaro katin daga aljihu, ya warware igiyar. Ta dube shi da tuhuma.

"Mene ne wannan kuma?"

"Kin tuna wasiƙun da ake yi wa rajista? Waɗanda ba na sakawa a jaka, sai a aljihun ƙirji?"

"Masu tsada."

"Su. Ba a barin su fita ba adireshi. Doka ce."

Ta dubi katin. "To ni wa za a kai wa?"

"Ni."

"Ka yi sa'a," in ji ta, ta sunkuyar da kai. Ya rataya mata, ya tura katin ƙarƙashin mayafi.

Wayar ta sake ƙara. Zai iya cewa hayaniya ce ta hana shi ji. Tsohuwa ba za ta tona shi ba, kafin su kai tasha ta manta. Ba wanda zai taɓa sani sai mai tabarau da mai gadi. Ya dubi titin mai hannu shida. Ya ɗauka.

"Baba! Sau nawa zan kira? Ina Inna?"

"Ga ta kusa da ni, lafiyarta ƙalau. Ki saurare ni, kada ki katse ni. Na cire katin. Na bar ta a benci, ta ɓace mini fiye da awa guda. Yanzu na same ta."

Yana jin numfashinta a wayar.

"Na faɗa maka abin da zan yi, Baba."

"Kin faɗa. Ba zan yi gardama ba. Ido biyu sun yi mata kaɗan yanzu, yau na gani. Abu ɗaya nake roƙo. In za ki ɗauke ta, ki haɗa da ni. Ƙarfe ɗaya na rana za ta fita nemana, ko a wane gari take. Gara ta same ni."

Ya ji ta ja hanci. "Ɗakin ƙarami ne."

"Mu ma mun ƙanƙance."

"Ku hau mota yanzu. Yanzu, Baba. Ranar Asabar zan zo da mai ɗaukar kaya."

Da yamma garuruwan suka sake wucewa ta taga, na ƙarshe ya zama na farko. Karen nan yana nan a tsakiyar hanya, inuwarsa ta yi tsawo. Teloli na rufe kekunansu. Warin albasa ya shigo ya fita. Ya san nan da kwana huɗu zai bar garin da kowane lungu ya san ƙararrawarsa, wani kuma zai riƙa kwatance da gidan da Baba Gidan Waya ya taɓa zama.

Tsohuwa ta yi barci a kafaɗarsa. Igiyar katin ta leƙo ta gefen mayafinta. Ya zura yatsa ɗaya a cikinta ya naɗe. Motar ta yi ta tsayawa tana sauke mutane, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa sai ya ƙara naɗi ɗaya.